Matashin kai mai gangare ko ɗaga kan gado ga mai ƙwannafin dare

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tsakanin matashin soso mai gangare da ɗaga kan gado, saboda ƙwannafin da ke tashinki cikin dare, ni dai ɗaga gadon zan ce miki. Duka biyun na gwada su.

Bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki tsawonsa kamar santimita 25 ne, kuma ƙofofi biyu gare shi, kowace zoben tsoka ce. Ta sama tana can ƙasan maƙogwaro, a rufe take sai lokacin haɗiya ko gyatsa, ita ke hana iska shiga bututun, ta kuma tare abin da ya taso kada ya faɗa hanyar numfashi. Ta ƙasa, wadda ke bakin ciki daidai inda bututun ya ratsa tsokar da ta raba ƙirji da ciki, ita ce tushen damuwarmu. Ba a juya ta da ganin dama, da kanta take aiki. Tana buɗewa abinci ya wuce, ta koma ta tsuke. Amma idan ciki ya cika ya kumbura, takan saki na ɗan lokaci ko ba a haɗiyi komai ba, don iska ta fita, to a nan ne asid ke samun hanya ya biyo. Ciki yana da majinar da ke kare shi daga asid ɗinsa, bututun kuwa ba shi da irin wannan kariya, shi ya sa kike jin kamar an hura wuta a ƙirji.

Da rana kina tsaye ko zaune, abin da ya taso nauyinsa ke mai da shi ƙasa, ga yawu kina haɗiya yana wanke bututun. Da kin kwanta barci duk wannan taimako ya ragu: yawu ya yi kaɗan, haɗiya ta yi kaɗan, jiki ya miƙe ɗoɗar. Kwalbar da murfinta bai kama da kyau ba, in tana tsaye lafiya lau, kwantar da ita ki ga ɗiga.

Ni har ta kai ina farkawa da tsami a baki, da tari, safiya ta yi murya ta dushe, alamar abin yana kaiwa har ƙofar sama. Maigida ne ya sa aka yanko katako biyu masu kauri, tsayin santimita 15 zuwa 20 kamar yadda likitoci ke ba da shawara, aka rarake tsakiyar kowanne don ƙafar gadon ta zauna daram, aka sa su ta wajen kai. Daren farko kam sai da na ji kamar zan zame. Ba a jima ba na saba, kuma wata safiya na tashi na tarar da kofin ruwan da nake ajiyewa a gefen gado yana nan cike, ban taɓa shi ba. Wallahi ranar na yi hamdala. Amfaninsa shi ne jiki gaba ɗaya ke gangarawa a miƙe, ƙugu bai lanƙwashe ba, ciki bai matsu ba, kuma kina iya juyawa ki kwanta ta hagu, wanda shi ma yana rage tasowar asid fiye da kwanciya ta dama.

Matashin kuwa, to, yana aiki in dogo ne mai tauri, ya kuma dace da tafiya ko mai katifa a ƙasa. Nawa kafin asuba na sulale ƙasa. Jera matasan kai uku kuma kada ma ki fara, wuya kawai suke ɗagawa su naɗe ciki, abin ya ƙaru.

Ki yi hattara da masu talla a intanet. Hoto zai nuna ƙaton matashi, a kawo miki gajere mai laushi da ke lotsewa da an ɗora kai, don haka ki nemi awon tsayi da tsawo tukuna. Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu cewa haɗinsu ko ɗamararsu na “ɗaure ƙofar ciki”. Ɗamara matse ciki take, ta tura asid sama. Ko omeprazole da likita ke rubutawa rage asid yake yi, ba ya gyara ƙofar. Ƙarfafa ta aikin tiyata ne, irin wanda likita Rudolf Nissen ya fara a shekarun 1950, inda ake naɗe saman ciki a kewayen ƙarshen bututun, kuma ba kowa ake yi wa ba.

Ki sa katakon, ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, ki rage cika ciki da maiƙo da kofi da dare. Amma in abinci ya fara maƙale miki wajen haɗiya, ko kina ramewa ba dalili, ko kin ga jini a amai ko bahaya ya yi baƙi, ki je asibiti ba tare da jira ba. Haka ciwon ƙirjin da ya zo da gumi ko ya sauka hannu, wannan a duba zuciya nan take.