Cognistat ko TOP-J: wanne ya fi auna sanin ya kamata?

Wata 'yar'uwa ta tambaya wanne ya fi dacewa tsakanin gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa guda biyu, Cognistat da TOP-J, idan ana son a gane ko majinyacin da mantuwa ta fara kama shi yana iya yanke shawara a harkokinsa na yau da gobe. Amsata ita ce TOP-J, amma da sharaɗi.

Cognistat ya girme shi da shekara ashirin. Kiernan da abokan aikinsa ne suka fitar da shi a 1987 domin duba ƙwaƙwalwa cikin hanzari, kuma sashen sanin ya kamata ɗan lungu ne kawai a cikinsa: tambaya guda ta tantancewa, sannan wasu uku idan mutum ya kasa amsa ta farkon daidai. Saurinsa abin so ne a gefen gadon asibiti, sai dai tambayoyi uku ba su isa a ɗora musu hukuncin ko dattijo zai ci gaba da riƙe kuɗinsa ba, domin kuskure ɗaya na iya sauya sakamakon baki ɗaya.

TOP-J kuwa an gina shi ne takanas domin wannan aiki. Laura Rabin da tawagarta suka wallafa shi a Amurka a 2007, kuma nau'insa da aka fi amfani da shi yana da tambayoyi 9 da suka shafi kiyaye kai daga haɗari, sha'anin magani, kuɗi, da mu'amala da jama'a. Ana karanta wa mutum wani yanayi, ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa, a ba shi maki daga 0 zuwa 3 a kowace tambaya, jimilla 27. Wajen tabbatar da ingancinsa an gwada shi a kan tsofaffi masu lafiya, da masu ƙaramin raunin tunani, da masu cutar Alzheimer a matakin farko, an kuma duba ko masu ba da maki daban-daban za su yi ittifaƙi a kan amsa guda. Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu ƙirƙiro irin waɗannan ma'aunai suka fi shan wahalarsa, tun da amsar baki ba kamar lissafi ba ce da ake cewa daidai ko kuskure.

Sharaɗin shi ne, duka biyun abin da mutum ya ce zai yi suke aunawa, alhali faɗa daban, aikatawa daban. A 1985 masu binciken ƙwaƙwalwa Eslinger da Damasio sun ba da rahoton wani majinyaci da aka cire wa ƙari a goshin ƙwaƙwalwa, wanda yake amsa tambayoyin hankali tamkar malami, amma ya rasa aikinsa da dukiyarsa da aurensa saboda munanan shawarwari. Irinsa zai iya cin maki mai yawa a kowanne daga cikin biyun. Shi ya sa daga baya aka yi wa TOP-J wani nau'i da makusancin majinyaci yake cikewa, mai ganin abin da ke faruwa a gida.

Haka kuma, dukkansu a Amurka aka tsara su, don haka kafin a yi aiki da su a wani harshe dole ne a sake gwada su a kan mutanen wurin, domin amsar da ake ɗauka ta hankali game da magani ko kuɗi tana bin tsarin rayuwar da mutum ya saba da shi.