STACK ko Numbas: Wanne Ya Fi Dacewa da Jarrabawar Lissafi?

Malamin jami'a da ke son kwamfuta ta riƙa duba amsoshin lissafi yana iya zaɓar manhajar STACK ko ta Numbas, dukansu kyauta ne. STACK yana aiki cikin Moodle, wato dandalin koyarwa ta intanet da makarantu ke amfani da shi, yana miƙa amsar ɗalibi ga manhajar lissafi ta Maxima, ita kuwa ta gane cewa (x+1)² da x²+2x+1 duk abu guda ne, sai dai STACK yana buƙatar saba mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, idan ɗalibai suka yi yawa. Numbas, na Jami'ar Newcastle da ke Ingila, a burauzar ɗalibi, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita, yake ba da maki, don haka yankewar intanet ba ta tsayar da atisaye. Amma a jarrabawar ƙarshen zango STACK ya fi aminci, tunda amsoshin suna ɓoye a saba.