Wasiƙa Daga Jamus Kan Wayar da Ba Ta Canza Sauti

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin in ba ka bayanin aiken da ka yi mini na neman wayar da za ta haɗa na'urarka ta DAC, mai mayar da sautin dijital zuwa siginar lantarki, da amfilifayar hedifon, mai ƙara wa siginar ƙarfi, wayar da ka gindaya mata sharaɗi guda, cewa kada ta ƙara wa sauti komai, kada kuma ta rage masa komai. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, sai ga shi ya ci mini kusan mako uku, saboda a nan wannan waya kasuwa biyu gare ta, kuma kowace da irin bakinta.

Na fara da shagunan kayan sauti na alfarma. A wanda na fi daɗewa, mai shagon ya zaunar da ni a wani ɗaki mai kafet, ya ɗora mini hedifon, ya riƙa sauya wayoyi yana bayyana halin kowace: ta azurfa tana da haske, ta jan ƙarfe tana da ɗumi, wata kuma sai ta yi kwanaki tana aiki kafin muryarta ta buɗe. Ban raina hidimarsa ba, domin ya ba ni fiye da sa'a guda bai nuna gajiya ba, har ya yarda in tafi gida da guda ɗaya in dawo da ita bayan hutun ƙarshen mako. Amma da na tambaye shi adadin kafasitans na kowace mita, wato yawan cajin da wayar ke riƙewa tsakanin zaren tsakiya da saƙar da ta lulluɓe shi, sai ya juya kwalin gaba da baya, babu lambar a jiki, shi ma ba ta bakinsa. Kuɗin wasu daga cikinsu kuwa ya ninka na amfilifayar kanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in har gaskiya ne wayar tana sa haske ko ɗumi, to ai ta riga ta karya sharaɗinka tun daga bakin mai sayar da ita.

Kasuwa ta biyu ita ce ta masu aikin situdiyo da gidajen rediyo, inda ake naɗe waya a kan ƙaton gare ana yanka maka da mita. A nan ake samun Mogami da Canare na Japan, da Belden na Amurka, da na cikin gida irin su Sommer da Klotz da Cordial, sannan fulogin da aka fi yarda da shi na kamfanin Neutrik ne, wanda ke ƙaramar ƙasar Liechtenstein. Babu kafet, babu kirari, amma kowace waya tana da takarda mai ɗauke da kafasitans ɗinta da kaurin zarenta da irin saƙarta. Na kuma lura da cewa yawancin abin da kake saurare ya riga ya ratsa mita da yawa na irin waɗannan wayoyi a ɗakin ɗaukar sauti tun kafin ya iso gare ka.

Da lambobin suka shigo hannuna sai na zauna na yi lissafi, kuma ina so ka bi shi tare da ni. Kafasitans ɗin waya da turjiyar mafitar DAC, wato yadda take tauye gudun lantarki, suna haɗuwa su zama kamar rariya mai tare sauti mafi siranta. Mafitar DAC ta zamani takan kasance da turjiya kusan om 100, waya ta gari kuma tana da kafasitans kusan fikofarad 100 a mita guda, ko ƙasa da haka. Da waɗannan biyun rariyar ba ta yin tasiri sai sauti ya doshi haz miliyan 16, wato kaɗawa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda, alhali kunnen ɗan Adam, ko na matashi mai lafiya, yana tsayawa ne a wajen haz 20,000. Turjiyar zaren kanta ba ta kai om ɗaya ba, tana kuma fuskantar mashigar amfilifaya mai om 10,000 zuwa 50,000, saboda haka fifikon da azurfa take da shi a kan jan ƙarfe wajen ɗaukar lantarki, wanda bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, ba shi da inda zai bayyana. Inda lamarin ke canzawa shi ne in mafitar tana da turjiya mai yawa, kamar wasu na'urori masu kwalbar bawul. Da om 5,000 da waya mai mita 5 mai fikofarad 150 a kowace mita, za a yi asarar ƙarfin sauti kusan desibel guda a haz 20,000. Na'urarka ba irin wannan ba ce, kuma tazarar da ke tsakanin akwatunanka biyu ba ta kai kamu uku ba.

Abin da ya fi duk wannan damun mutane a zahiri shi ne ƙugi. Ni kaina ya same ni a makon farko: da na jona DAC da kwamfuta sai wani gunji ya taso a ƙarƙashin kiɗa, na haz 50, daidai da bugun wutar lantarkin Turai. Na zargi wayar, na sauya ta har sau biyu, ashe laifin yana wurin soket, domin kwamfutar da amfilifayar kowace tana shan wuta daga bango dabam. Da na haɗa su a kan layin soket ɗaya sai gunjin ya yi ƙasa sosai, da na mayar da haɗin kwamfuta zuwa wayar haske ta Toslink kuma sai ya ɗauke. Wayar RCA, wato irin da muke magana a kanta, wadda ta ari sunanta daga wani tsohon kamfanin rediyo na Amurka, tana amfani da saƙarta a matsayin hanyar komawar sauti, shi ya sa irin wannan gunji ke samun ƙofa, kuma shi ya sa saƙa mai kauri ta fi duk wani ado muhimmanci. Ɗaya nau'in kuwa, wayar XLR mai fulogi mai ƙafa uku, tana ɗauke da sautin a zare biyu, amfilifaya kuma ta zubar da duk hayaniyar da ta shiga su daidai wa daida. Sai dai ka kiyaye wani tarko: na'urori da yawa suna fitar da bolt 2 ta RCA, bolt 4 ta XLR, bambancin desibel 6 ke nan, kunne kuwa kullum yana ɗaukar mai ƙara a matsayin mai daɗi.

Game da fulogi maganar gajeruwa ce. Ruwan zinariya yana hana tsatsa ne kawai, ba ya gyara sauti. Abin dubawa shi ne liƙin dalma mai tsafta da kamu madaidaici, domin na ga wani fulogi mai tsada da ya matse har ya kusa tumɓuke soket ɗin amfilifayata lokacin cirewa.

A ganina babban abin da mai saye ke mora a nan doka ce. Duk abin da ka saya ta intanet a Tarayyar Turai kana da kwana 14 na mayar da shi ba tare da ka faɗi dalili ba, kana kuma da shekara 2 na neman gyara ko canji in kayan sun zo da aibi. Wannan damar ta kwana 14 ba ta hau kan abin da ka saya ido da ido a shago, ba ta kuma hau kan wayar da aka yanka maka bisa awonka. Thomann, babban dillalin kayan kiɗa da ke jihar Bavaria, ya ƙara nasa zuwa kwana 30 da garantin shekara 3. Da wannan dama na ajiye wayar aro mai tsada kusa da ta situdiyo, na ɗora hedifon ɗina Sennheiser HD 600, na juya baya, wani abokin aikina yana sauya su ba tare da ya gaya mini wadda ya sa ba. A shago, inda nake ganin hannun mai sauyawa, na yi imani na ji bambanci. A ɗakina kuwa canki-canki kawai na yi ta yi, har abin ya ba mu dariya mu biyu, washegari na mayar wa mai shagon kayansa da godiya.

Saboda haka na sayo maka wayar RCA ta situdiyo guda biyu, kowace mita guda, masu saƙar jan ƙarfe ninki biyu da fulogin Neutrik, na kuma haɗa da takardar lambobinsu. In sautin ya ci gaba da yi maka tsini bayan ka sa su, ka fara duba soson kunnen hedifon ɗin, domin in ya tsufa ya lotse yana canza sauti a fili. Ina roƙon ka ɗauki hoton bayan DAC ɗin da na amfilifayar ka aiko mini a wannan makon, domin in duka biyun suna da ramin XLR, ina da sauran kwana 9 da zan iya musanya waɗannan kafin in ba mai tahowa saƙon.

Naka ƙane.