Wasiƙa daga Gombak: wuta daban, shiru daban

Assalamu alaikum, Habibu. Ina fatan kana lafiya, da su Inna da Baba da sauran mutanen gida. Ka gaishe min da Kawu, ka ce na ji gero ya yi kyau bana, Allah ya sa a girbe lafiya.

Ka ce mu da ba a ɗauke mana wuta ba mu da uzurin faɗuwa jarrabawa. Ta wani fannin da gaskiyarka. A wannan Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Malesiya da ke Gombak, kusa da Kuala Lumpur, wadda aka kafa a 1983, wuta dare da rana take, intanet kuma na makaranta ne, da lambarka ta ɗalibi kake shiga. Ba kai waya shagon caji, ba lissafin data. Littafin da a gida sai ka shiga motar Kano ka yi ta bulayi a Sabon Gari, nan daga zaune za ka buɗe shi a kwamfuta. Sai dai duk wannan bai ba ka wurin da za ka natsu ba, musamman yanzu da jarrabawar ƙarshe ta ƙarato.

Babban ɗakin karatunmu, Dar al-Hikmah, ba abin da ya rasa: tebura, wurin jona caji, na'urar buga takardu. Amma satin bita kowa can ya nufa. Wani zai zo da sassafe ya ajiye jaka da gorar ruwa a kan kujera ya kama gabansa, sai azahar ka gan shi. In ka yi sa'ar wuri kuma, ga na'urar sanyaya ɗaki tana kaɗa ka kamar sanyin asubar hunturu a Gumel. A ƙasar da gumi ba ya bushewa a jiki, da rigar sanyi nake shiga karatu.

Ɗakunan kwana, da suke kira mahallah, ba a magana. Ɗalibai ne daga ƙasashe barkatai, kowa da lokacin da mutanensa suke farke, don haka tsakar dare wani ke fara waya da gida. Wuraren cin abinci kuwa akwai araha, da 'yan ringgit kaɗan, kuɗin ƙasar, za ka ci gurasarsu, roti canai, ka kora da shayin madararsu, teh tarik, amma hira ce ke ci a wurin.

Na so in yi irin tamu, in shimfiɗa tabarma a gindin bishiya. Ina! Ruwa yakan sauko da yamma ba sallama, sauron nan da rana yake cizo, shi ne mai kawo zazzaɓin dengi, ga birai da ke fitowa daga dajin da ke bayan makaranta, da sun hangi leda a hannunka sun taso.

Masallacin Sultan Haji Ahmad Shah da ke tsakiyar makaranta shi ya rufa min asiri. Asuba a nan wajen ƙarfe shida ake yi, gari ba ya wayewa sosai sai bakwai. Da an watse sai in koma sahun baya, in jingina da ginshiƙi a ƙarƙashin fanka. Daga mai tilawa a hankali sai mai gyangyaɗi, har hantsi ya dubi ludayi.

Kai kuwa abin da nake wahalar nema kana da shi a banza. Firamaren garinmu ranar Asabar da Lahadi ba kowa sai awaki, ga inuwar darbejiyar nan ta bayan aji. Haske ne kawai matsalarka da dare. Ƙarshen wata zan turo kuɗi ta hannun Yaya, ka sayi fitilar sola mai wurin caji idan ka shiga kasuwa, kada ka yarda da ƙananan nan masu mutuwa kafin isha'i ta yi nisa.

Kuma don Allah ka daina kirana bayan magaribarku. Awa 7 ke tsakaninmu, lokacin nan dare ya raba. Ka bari sai ka idar da asuba, ni ina shirin fita azahar ke nan.