Keke mara giya na zuwa aiki a Kano: ɗan Japan, Fonis ko ɗan Indiya?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya fara gagarar mutane, ga shi dama acaɓa an hana shi ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, shi ya sa yanzu da safe in ka tsaya bakin titin Zariya ko titin BUK za ka ga masu keke sun ƙaru, har da masu manyan kaya da hula zanna. To in kai ma ka yanke shawarar saya, ɗan'uwa, ka nemi mara giya. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, in ka cire Dala da Goron Dutse ba wani hawa sai na gadar sama, su Ƙofar Nassarawa da Dangi, kuma waɗannan ɗan nishi kaɗan ne ka haye. Giya kuwa ƙura ce abokiyar gabarta, hunturu ɗaya za ta fara tsallake, sarƙa na zamewa, kuma ba kowane mai gyaran keke na bakin hanya ne ya iya saita ta ba.

Ni dai ba zan ɓoye ba, ɗan Japan na hannu shi ne nawa. Irin wanda ake shigowa da shi a kwantena, mai kwando a gaba, mai lanƙwasasshen ƙarfen tsakiya, wanda wasu ke rainawa wai keken mata ne. Su yi ta faɗa. Wannan lanƙwasar ita ce ke ba ka damar hawa da doguwar riga ba sai ka ɗaga ƙafa sama kamar mai hawa raƙumi ba, kuma in mai adaidaita ya yanko maka ba sigina ka dire ƙafa biyu a ƙasa nan take. A can Japan da irinsa suke zuwa cefane da tashar jirgin ƙasa kullum, an ƙera shi ne don ya kwana a waje ruwa ya dake shi, shi ya sa masu kyau ɗin za ka tarar rim ɗinsu da wayoyin taya na ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, ko kuma alminiyom. Sarƙarsa a rufe take ruf cikin gida, ba ta cin ƙafar wando ba ta shan yashi. Da yawa suna zuwa da makullin da ke manne a tayar baya, da jak mai ƙafa biyu da ke tsayar da keke cak ko da ka ɗora buhu a kariya, wasu ma dinamonsu a cikin cibiyar tayar gaba yake, duhu na yi fitila ta kama da kanta, ba ruwanka da batir ba ruwanka da wannan gurnanin na dinamon da ke goga taya. Sannan hannun fedarsa da ƙusa ake ɗaure shi a kan ƙarfe mai kusurwa huɗu, babu kota, wato ɗan ƙarfen da ake kafawa ya riƙe hannun feda a tsofaffin kekuna, wanda duk ya hau tsohon keke ya san azabar kota in ta ci, kowane taki sai feda ta yi ƙwas. Bridgestone shi ne babba a cikin kamfanonin da ke ƙera shi, sai Panasonic da Miyata.

Amma shi ma yana da nasa. Birkin baya na yawancinsu wani ɗan gwangwani ne a cibiyar taya, in ya tsufa ihu yake yi har mutanen layi su san ka dawo, kuma kada wani ya ce ka zuba masa mai, zai yi shiru ya kuma daina kamawa. In ka samu mai birkin Shimano mai faifan sanyaya a jiki, wannan ya fi, shi giris ɗinsa na musamman ne. Akwai masu zuwa da bel maimakon sarƙa, suna da daɗin hawa amma ranar da bel ya tsinke sai ka zaga garin nan kaf, bar shi. Akwai kuma masu giya uku a ɓoye cikin cibiyar baya, shi ma in ya lalace sai dai a sake tayar bayan ɗungurungum. Sai maganar taya, ka karanta abin da ke jikinta da idonka: 26 x 1 3/8 daban take da 26 ta keken dutse, ta farko rim ɗinta milimita 590 ne, ta biyu 559, duk ana ce musu 26 amma ɗaya ba ta hawa kan ɗaya ko za ku kwana kuna turawa. Akwai kuma masu 27, kafin ka biya ka tambayi masu taya a unguwarku ko suna ajiye ta. In kai dogo ne sosai ɗan Japan zai iya yi maka ƙanƙanta, wannan kam ba yadda za a yi.

Fonis, wato Phoenix na Shanghai, da 'yan Indiya su Hero da Avon na garin Ludhiana, duk gida ɗaya ne, taya 28, birkin sanda, ƙarfe zalla, nauyi wajen kilo 20. Abin da ba za a ƙwace musu ba shi ne ɗaukar kaya da samun kayan gyara, ko a Ɗambatta ko a Rano ya lalace za ka samu mai haɗa maka shi. In sana'arka ta dako ce, jarkokin ruwa ko itace ko buhun masara, to rufe ido ka ɗauki ɗaya daga cikinsu, musamman mai ƙarfen tsakiya biyu. Amma sabbin da ake kawowa yanzu ba na jin sun kamo ƙafar na iyayenmu, kuma rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe da damina ka matse birki keke ya ci gaba da tafiyarsa. In ya yi maka nauyin taki sa a canja firi na baya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke ja a tayar baya, daga mai haƙori 18 zuwa 20 ko 22, gudu zai ragu kaɗan amma gwiwarka za ta huta, sai dai a ƙara wa sarƙa tsayi.

Keken dutse mai araha mai shakazoba gaba da baya, ado ne kawai, ka taka shi yana ta lilo yana shanye ƙarfinka. Wanda samari ke yayi kuma mai siririyar taya da fedarsa ba ta hutawa, a titin da ke da rami da tsidau da yashi, Allah ya ba da sa'a.

Sai Rali. Kowa na son Raleigh saboda tarihi, keken Nottingham na Ingila mai kan tsuntsu a goshi, wanda a da in malami ko ma'aikacin En'e ya saya sai an zo gani. Sun daina haɗa keke a Nottingham tun 2002, saboda haka duk wanda ya nuna maka keke fil a leda ya ce ɗan Ingila ne na asali yau aka sauke shi, yi masa sallama. Nan ne ma ha'incin ya fi yawa, domin tambari da sitika ana sayar da su a leda, a ɗauko gangar jikin keken da ba a san asalinsa ba a fesa baƙin fenti a ja layin ruwan gwal a manna suna, shi ke nan ya zama Rali ko Fonis. Tsohon tambarin Rali na ƙarfe ne da aka kafe da ƙananan ƙusoshi, in ka sa farce ka ji yana ɗagowa to gam ne.

Sabon fenti a jikin keken hannu shi ne abin da na fi tsoro a duniyar nan. An taɓa sayar min da wani yana ƙyalli, ashe wuyansa ya taɓa karyewa an yi walda an shafe da fotin mota an fesa, ana shiga damina fotin ya fashe tsagar ta fito, mai shagon kuma ya rantse bai taɓa ganina ba. Saboda haka ka shafa hannu a ƙarƙashin ƙarfen da ya sauko daga wuya, daidai bayan inda suka haɗu, in ka ji tudu ko fenti ya tattare to keken ya taɓa yin karo. Ka koma gefe ka kalli ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba, in sun ja baya sun matso kusa da jiki shi ma karo ne, kuma ko an miƙe su ƙarfen ya riga ya gaji. Ka hau ka ɗan sassauta hannu, in yana janka gefe ɗaya sauka. Keken da ya koɗe da fentinsa na asali ya fi min wanda aka yi wa kwalliya sau goma.

'Yan Japan ɗin ma ba su tsira ba, yanzu kowane keke mai kwando sai a ce maka ɗan Japan ne. Wanda aka hau a can yawanci za ka ga wata 'yar sitika mai lamba da rubutunsu a jikin ƙarfe, ta rajistar hana sata ce da doka ta wajabta musu tun 1994, wasu kuma suna da tambarin BAA da aka fara a 2004 na gwajin inganci. Kada ganin an rubuta China a ƙasa ya firgita ka, kamfanonin Japan da kansu suna ƙera da yawa a can, abin dubawa shi ne kayan jikinsa. Domin wata dabarar ita ce a kwance tayar asali mai dinamo da sirdi mai kyau da feda a sayar daban, a mayar da na banza, sai ka ga rim ɗin gaba iri ɗaya na baya wani iri. Ka ɗaga kowace taya ka juya, ka kalli ko tana rawa tsakanin robar birki, ka kama ta ka girgiza gefe da gefe don jin boris, haka ma feda. Ka sa a kwance sandar sirdi a gabanka ta hau ta sauka, domin in tsatsa ta kama ta a ciki kai da wannan tsayin har abada. Ka leƙa cikin gidan sarƙa, nan ake ɓoye ruɓaɓɓiya. Makullin baya kuma a ba ka ɗan makullinsa a hannu ka gwada, ba “zan nemo maka gobe” ba.

Sannan keken sata. In wani yaro ya tare ka a hanya da keke mai kyau a rabin kuɗi yana waige-waige, kada kwaɗayi ya ja ka, ranar da mai shi ya gan ka a kai kai ne ɓarawon har sai ka kawo wanda ya sayar maka. Saya a shago ko rumfar da aka sani, a rubuta maka rasit da lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken, ka ɗauki hotonta a waya. Farashi yana bin dala ne, saboda haka ka taya a rumfa uku ko huɗu kafin ka ciro kuɗi, kuma ka je da mai gyaran keken unguwarku ka ba shi na shayi, shi ba za a yi masa dogon turanci ba. Ka rage wani abu a aljihu na sabon tib biyu da robar birki da famfo da sarƙar ɗaurewa mai kauri, domin makullin tayar baya ba ya hana a ɗaga keken cak a jefa cikin adaidaita kana cikin masallaci.