Cacar tseren motoci a shagunan Garwa: abin da ba a faɗa wa sabon shiga

Shagunan cacar wasanni na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ƙwallo ce kasuwarsu. Tseren motoci yana can ƙasan jeri, kuma da wuya ka samu mai karɓar kuɗi da zai iya yi maka bayaninsa. Hukuncin caca a addini kowa ya san shi. Nan aikin shagon kawai muke aunawa.

Tarko na farko shi ne allon bango. Motocin da ke tsere a kai duk bayan 'yan mintoci ba Formula 1 ba ne, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, zanen kwamfuta ne, inji ke fitar da sakamako. Sanin direba ba ya amfani a nan.

A Formula 1 na gaske ana sa kuɗi kan wanda zai zo na ɗaya, ko wanda zai shiga ukun farko, ko wanda zai tashi a sahun gaba bayan gwajin gudu, ko wanne cikin direbobi biyu zai riga ɗan'uwansa. Lambar da ke gefen suna, wadda ake kira kot, da ita ake ninka kuɗinka. Duba ribar shago: direbobi biyu, kowanne 1.85. Ka sa sefa 1,000 a kan kowane, ka ba da 2,000, a mayar maka da 1,850 ko wa ya ci. Wannan 150 ɗin ba ta dawowa, komai iliminka.

Zaɓen gwani ma ba mafita ba ne. A 2023 direba Verstappen ya ci tsere 19 cikin 22, amma kot ɗin irinsa ƙanƙane ne, lalacewar inji sau ɗaya ta isa ta cinye ribar makonni.

Inda rigima ta fi tashi shi ne ƙa'idar biya, wadda tikiti ba ya ɗauke da ita. A tseren Beljiyam a 2024 direba Russell ne ya fara tsallake layin ƙarshe, daga baya aka soke shi saboda motarsa ba ta kai nauyin doka ba, nasara ta koma ga Hamilton. Kamfanoni da yawa da sakamakon lokacin ba da kofi suke biya. Tambayi wannan tukuna, ka kuma tambayi makomar kuɗinka in direba bai tashi ba sam.

In ta waya kake yi, zuba kuɗi a asusun caca ta Orange Money ko MoMo, wato hanyoyin tura kuɗi ta layin waya, nan take ne. Wajen cirewa ne za a nemi katin shaida, kuma in sunan layinka ya saɓa da na asusun, kuɗin na iya maƙalewa.