Kafin Ka Sayi Aksil ɗin Bayan A-kori-kura: Lissafin Haƙora da Gyaran Maleji

Wanda aksil ɗin bayan motarsa, wato sashen da ke haɗa tayoyin baya yana juya su, ya fara kuka, ko haƙoransa suka kakkarye, yakan nufi kasuwar kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya faɗi sunan motar da shekararta, a ɗauko masa wanda ya yi kama da nasa. Kamanni ba su wadatar ba, domin Hilux biyu 'yan shekara ɗaya na iya fitowa daga kamfani da lissafin haƙora daban-daban. A cikin tulun aksil akwai ƙaramar giya da farfela (doguwar sandar ƙarfe da ke kawo juyi daga giyabos) ke juyawa, ita kuma tana juya babbar giya mai kai ƙarfi ga tayoyi. Idan aka raba haƙoran babbar da na ƙaramar, adadin da ya fito shi ne lissafin: 41 da 10 suna ba da 4.10, 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 kuma 4.56. Ma'anar 4.10 ita ce sai farfela ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta zagaya sau ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta gano lissafin ita ce duba lambar kamfani. Toyota tana rubuta ta a farantin bayanan mota ko takardar jikin ƙofar direba, kuma a tsofaffin samfura G292 na nufin 4.10, G282 na nufin 4.30. A motocin Ford F-150 da ake shigowa da su daga Amurka, 19 na nufin 3.55, 26 na nufin 3.73. A tsofaffin motocin Chevrolet da GMC ana samun tasu manne a akwatin gaban fasinja, inda GT4 ke nufin 3.73, GT5 kuma 4.10. Sai dai lambar tana faɗin abin da kamfani ya sa ne ranar da ya ƙera motar, alhali a-kori-kurar da ta shekara goma sha biyar tana jigilar hatsi da ƙyar a ce ba a taɓa buɗe mata aksil ba. Aksil ɗin da ke yashe a ƙasa a shagon mai kaya kuwa ba shi da wata ƙofa da za a duba.

Saboda haka na fi amincewa da ƙirgawa. A tare tayoyin gaba da dutse, a fitar da mota daga giya, a saki birkin hannu, a ɗaga bayanta da jak, sannan a juya taya ɗaya. Idan ɗaya tayar ta juya ta kishiyar hanya, aksil ɗin na gama-gari ne: sai a sauke taya ɗaya ƙasa, a yi alama da alli a jikin farfela da jikin tayar da ke sama, a juya tayar sau 20 ana ƙirga zagayen farfela. Zagaye 41 na nufin 4.10, zagaye 43 na nufin 4.30. Idan kuwa tayoyin biyu suka juya hanya ɗaya, aksil ɗin mai riƙe tayoyin tare ne, don haka a bar su duka a sama a juya sau 10 kacal, ma'anar zagayen farfela kuma ba ta sauya ba. Wasu makanikai suna tsayawa a juyi biyu, amma ido ba ya saurin bambanta 4.10 da 4.30 a ɗan wannan zagaye. Idan mai kaya ya yarda a buɗe, ƙirga haƙoran da yatsa ya fi komai tabbas, kuma a nan ne ake ganin haƙorin da ya ɓantale.

Wane lissafi ya kamata a zaɓa? Babban adadi irin 4.56 yana ƙara wa mota ƙarfin tashi da kaya da hawan tudu da fita daga yashi, amma a kan kwalta injin zai riƙa juyawa fiye da na mai 4.10 da kusan kashi 11 cikin ɗari a gudu iri ɗaya, wanda ke nufin ƙarin shan mai da ƙarin ƙara. Ƙaramin adadi irin 3.73 ya dace da mai doguwar tafiya da kaya marasa nauyi. Ga mota mai jan ƙafa huɗu babu zaɓi ko kaɗan, domin dole lissafin baya ya zama daidai da na gaba. Idan suka saɓa, ranar da aka sa giyar ƙafa huɗu a ƙasa mai tauri sassan za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye.

Maleji shi ne na ƙarshe, kuma kada a kashe masa ko kwabo sai an gama maganar aksil da tayoyi. Idan daga giyabos yake karɓar gudu, sauya 4.10 da 4.56 zai sa ya nuna 100 alhali motar tana kilomita 90 a awa. Idan daga na'urorin ABS (tsarin hana tayoyi cijewa yayin taka birki) na ƙafafu yake karɓa, sauya aksil bai shafe shi ba, girman taya ne kawai ke rikita shi. Wanda ya cire taya mai lamba 205R16 ya sa mai lamba 265/70R16 ya ƙara girman taya da kusan kashi 6 cikin ɗari, don haka malejinsa zai nuna 100 yana gudun kusan 106, kuma wannan kuskuren ya fi haɗari tunda direba yana zaton bai kai ba. Ƙididdigar kilomitocin da ake dogara da ita wajen juyen mai ita ma tana gurɓata da wannan gwargwado. Ana gane kuskuren ta hanyar kwatanta maleji da manhajar GPS ta waya a miƙaƙƙiyar hanya, wani na riƙe da wayar, tare da lura cewa manyan lambobin malejin motar Amurka mil ne, kuma mil 60 kusan kilomita 97 ne.

Ga tsohuwar mota mai malejin da wayar ƙarfe ke juyawa, gyara mafi araha shi ne sauya 'yar giyar roba da ke inda wayar ta shiga giyabos: maleji mai zarce gaskiya yana buƙatar giya mai ƙarin haƙora, sai dai haƙori ɗaya yana sauya karatun da kusan kashi 5 cikin ɗari, don haka kusa ake samu, ba daidai ba. Mai malejin lantarki ana iya haɗa masa ƙaramin akwatin gyaran sigina, wanda ya fi daidaito amma yana buƙatar mai wayarin da ya san aikinsa. Wasu sababbin motocin kuma da kwamfuta ake shigar musu da girman taya da lissafin aksil, ba tare da an yanke waya ba, kuma inda motar ta yarda da haka shi zan zaɓa. Idan bambancin bai wuce maleji ya zarce GPS da kilomita biyu ko uku ba, a ƙyale shi, domin kamfanoni da gangan suke saita shi hakan.